Na samu karaya, tumbi yana fitowa: in shiga azumin rage ƙiba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, shekaruna 34, nauyina kilo 80. Mako biyar ke nan da na faɗi a kan kabu-kabu na karye a ƙauri, aka sa mini siminti, yanzu da sanduna nake tafiya. Da can ina buga ƙwallo da yamma, ina kuma azumin Litinin da Alhamis. Tun da na kwanta na ga tumbi yana fitowa, wandunana sun fara matse ni. Wani abokina ya ba ni shawarar in riƙa yin awa 16 ba tare da cin komai ba kullum, in kuma daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Shin in bi shawararsa? Kuma zan iya komawa azumin nafila yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Shawarar da zan ba ka ita ce kada ka shiga tsarin awa 16 yanzu, kuma ka ɗan jinkirta azumin nafila har sai hoton ƙashi ya nuna cewa karayar ta kama sosai. Na fahimci damuwarka, domin mutumin da ya saba gumi a fili kowace yamma ba ƙaramin ƙunci yake shiga ba idan ya wayi gari yana kwance a kan tabarma, ana kawo masa abinci har inda yake. Sai dai wanda ya hana jikinsa abinci a wannan lokaci saboda tsoron tumbi, ya gudu gara ne ya faɗa zago.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda mai karaya ba ya aiki, jikinsa ma hutawa yake yi. Gaskiyar ita ce jikinka yana cikin aikin gini dare da rana. A kwanakin farko jini yakan taru ya daskare a wurin karayar, wurin ya kumbura. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa bakunan ƙashin biyu, daga nan kuma a hankali ya riƙa ɗaukar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, yana tauri. Ƙashin ƙauri yana cikin masu jinkirin haɗewa, domin gabansa fata ce kawai ta rufe shi, babu tsoka mai yawa da za ta kai masa jini, shi ya sa a jikin baligi yakan ɗauki wata 3 zuwa 6. Kai da kake mako na biyar, kana daidai tsakiyar lokacin da laushin yake komawa ƙashi. Wannan gini yana ƙara wa jiki buƙatar kuzari, sannan tafiya da sanduna tana cin ƙarfi ninki biyu zuwa uku na tafiyar mai lafiya, kamar yadda ka riga ka ji a kafaɗunka duk lokacin da ka tashi zuwa alwala. Saboda haka buƙatarka ta abinci ta ragu idan aka kwatanta da kwanakin ƙwallo, amma ba ta ragu kamar yadda kake zato ba.

Akwai kuma abu na biyu da ba ka ambata ba, alhali ya fi tumbin damuna. Ƙafar da aka ɗaure ba ta motsi tana fara zubar da tsoka tun daga makon farko. Ka sa hannu biyu ka kama cinyarka mai lafiya, sannan ka kama ɗayar a daidai wuri guda sama da gwiwa, za ka ji bambancin da kanka. Ranar da za a cire simintin za ka ga ƙafar ta motse, fatar ta yi furu-furu. Idan aka haɗa rashin motsi da yunwa, jiki yakan juya ya ci tsokarsa don ya samu abin da zai yi gyara da shi, sai ma'auni ya nuna maka ka rage kilo uku ka yi murna, alhali wani kaso mai yawa na abin da ya tafi tsokar da za ta ɗauke ka ce idan an ce ka fara takawa.

Matsalar tsarin awa 16 ga mai jinya ita ce yana matse cin abinci cikin awa 8, yawanci sau biyu. Lafiyayyen baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, amma mai jinyar karaya ya fi dacewa ya samu wajen giram 1.5. A nauyinka wannan ya kama giram 120 ke nan kullum, kuma tsoka ta fi amfana idan aka rarraba shi sau uku ko huɗu, kowane zama giram 30 zuwa 40, fiye da a dunƙule shi a ci lokaci guda. Ka duba lissafin da abincin gida. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Kofin nono ko madara yana da wajen giram 8. Yankan nama ko kifi dafaffe mai girman tafin hannunka yana da kusan giram 25, kofin dafaffen wake kuma giram 13 zuwa 15. Kai ma ka ga cewa tara giram 120 a zama biyu abu ne mai wuya ga ciki da aljihu baki ɗaya. Tsarin ba laifi ba ne ga mai lafiya da yake son rage ƙiba, ko da yake amfaninsa mafi yawa yana zuwa ne daga rage yawan abin da aka ci a yini, ba daga wani sirri da ke cikin awannin ba.

Batun barin tuwo da shinkafa kuwa, ban goyi baya ba. Idan babu hatsi a ciki, jiki zai ƙona furotin ɗin da ka sha wahalar saye don ya samu kuzari, maimakon ya kai shi wurin gini. Ka rage malmala, idan biyu kake ci ka koma ɗaya da rabi ko ɗaya, ka yawaita miya da abin da ke cikinta.

Inda nake zargin tumbin yake fitowa shi ne wurin 'yan dubiya. Al'adarmu ce mai kyau, ba a zuwa gaida marar lafiya hannu rabbana, sai ka ga gefen gadon mai jinya an jera lemon kwalba, da na malt, da biskit, da cincin, ga fura an dama ta da sukari cokali huɗu. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari sama da giram 50, wato fiye da ƙaramin cokali 12, kuma wannan kaɗai ya kai iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wa baligi a yini guda. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan kalori 120 (ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki), ka kuwa san yawan man da ƙosai da soyayyen dankali suke sha. A nan ya kamata a yi ragin. Ka bar wa yara lemon, ka sha furarka da nono mai yawa da sukari kaɗan ko babu, ka roƙi uwargida ta mayar da ƙosai alale a wasu ranakun, ta dafa ƙwai maimakon soyawa. Idan wani ɗan'uwa ya tambaye ka abin da zai kawo maka, kada ka ji nauyi, ka ce ƙwai, ko kifin Kwalkwalawa, ko gwaiba da lemon zaƙi.

Sakkwato ba ta rasa abin gina ƙashi ba, kuma ba sai mai kuɗi ba. Baligi yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 na kalsiyam a rana, kofin nono ɗaya yana ba da wajen 300, a ƙara da zogale, da miyar kuka, da riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake ci har da ƙayarsu. Wake, awara, gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna cike gurbin nama a ranar da babu hali. Bitamin C, wanda jiki yake saƙa zaren farko na sabon ƙashi da shi, yana cikin gwaiba, lemo, tumatir, tattasai da garin 'ya'yan kuka da ake damawa. Bitamin D kuwa daga rana ake samunsa, sai dai mai karaya yakan yi makonni a ɗaki duk da yawan ranar garinmu, don haka ka sa a fitar maka da kujera tsakar gida da hantsi ka yi minti 15 zuwa 20. Nono kuma a tabbata an tafasa madarar kafin a yi shi. Na san za a yi ta kawo maka farfesun ƙafar saniya da ganda da niyyar ƙashi ya gyara ƙashi. Ka ci ka yi godiya, amma ka sani romon ƙashi ba shi da kalsiyam mai yawa, furotin ɗin ganda kuma bai cika ba, tsokar nama ko wake sun fi shi. Idan kana shan taba, barinta ya fi duk wani abinci da na lissafa tasiri, domin tana matse hanyoyin jini, kuma tana cikin sanannun dalilan da ke sa karayar ƙauri ta ƙi haɗewa. Idan kuma kana da ciwon ƙoda ko ciwon suga, kada ka ƙara furotin ko ka sauya tsarin cinka sai da sanin likitan da ke duba ka.

Azumin Litinin da Alhamis ya bambanta da shawarar abokinka ta fuska biyu: kwana biyu ne kawai a mako, wanda hakan sauƙi ne, amma kuma babu shan ruwa, wanda a nan ne hatsarin yake. Ƙafar da ke cikin siminti ba ta motsi, jini yana tafiya a hankali a cikinta, kuma yana iya daskarewa ya zama gudan jini a jijiyar sha-raɓa. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara wannan hatsari, ga shi kuma daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, yinin azumi kuma awa 13 zuwa 14 ne. Sannan idan har yanzu kana shan maganin ciwo irin su ibufurofen ko dikulofenak, shan su da wofin ciki yana jawo gyambon ciki, shan su cikin ƙishirwa kuma yana wahalar da ƙoda. Hukuncin addini na malamai ne, amma sananne ne cewa aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama ko a azumin farilla, balle nafila. A ganina ka jira abubuwa uku su tabbata: hoto ya nuna ƙashin ya kama, ka daina buƙatar maganin ciwo da rana, likita kuma ya ba ka izinin fara ɗora nauyi a kan ƙafar. Idan lokacin ya yi, ka fara da rana ɗaya a mako, ka yi sahur da ƙwai ko wake da nono maimakon shayi da burodi kawai, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan daga buɗa-baki har kwanciya, ka kuma raba abincin dare gida biyu, bayan magariba da bayan isha'i. Idan Ramadan ya riske ka kana cikin wannan hali, ka zauna da likitanka tun kafin watan ya tsaya.

Ko kana azumi ko ba ka yi, akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa a cikin simintin, yatsun ƙafa su kumbura su yi sanyi ko su canza launi ko su mutu, wari ko ruwa yana fitowa, zazzaɓi, da kuma ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi farat ɗaya. Duk wanda ka gani daga ciki, a ɗauke ka zuwa asibiti nan take, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko inda aka sa maka simintin, kuma kada a bari kowa ya murza ƙafar ko ya gasa ta.

Motsa jiki bai haramta gare ka ba, ƙafa ɗaya ce ta karye. Kana kwance, ka riƙa motsa yatsun ƙafar da ke ciwo sau da yawa a yini, ka kuma ɗaure tsokar cinyarta kamar kana son danna bayan gwiwa a kan katifa, ka ƙirga biyar ka saki, sau goma, bayan kowace salla. Haɗa shi da salla yana sa ba a mantawa. Ɗaga ƙafar gaba ɗaya kuwa sai ma'aikacin sashen gashin ƙashi na asibiti ya nuna maka ya kuma yarda. Lafiyayyar ƙafar ka ba ta aiki sosai, ka ɗaga ta a miƙe, ka lanƙwasa ka miƙe, domin an tabbatar cewa horar da ɓangare mai lafiya yana rage raunin da ɗaya ɓangaren yake yi, saboda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ɗaya ne suke sarrafa su. A zaune a kan kujera mai ƙarfi, ka cika robobin ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, ko ka zuba musu yashi, ka riƙa ɗagawa sama da gefe, ka yi ta naushin iska na minti ɗaya ka huta minti ɗaya har sau goma, za ka ji zuciya tana bugawa gumi ya karyo. Minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya ya isa, kuma duk motsin da ya tayar da ciwo a wurin karayar a dakatar da shi.

Ma'aunin nauyi ba zai gaya maka gaskiya ba a yanzu, tunda simintin yana da nasa nauyin, tsoka kuma tana raguwa. Ka ari tef ɗin tela ka auna cikinka daidai cibiya kowace Juma'a da safe kafin ka ci abinci, ka rubuta a takarda. Burinka a waɗannan watanni shi ne awon ya tsaya inda yake, rage shi kuma aikin bayan warkewa ne, lokacin da abin nema zai zama faɗin kugu ya gaza rabin tsawonka. Ranar da za ka koma asibiti ka tafi da takardar, ka tambayi likita ko hoton ya nuna ƙashin ya fara tauri, yaushe za ka fara taka ƙafar, da kuma ko zai haɗa ka da sashen gashin ƙashi tun kafin a cire simintin.