Amotisan baya ya gaji: a gyara ko a sayi sabo?

Tambaya daga wani mai karatu a Gider: Assalamu alaikum. Ina da Yamaha XTZ 125, da shi nake shiga ƙauyukan Mayo-Oulo ina sayen gyaɗa. Tun ƙarshen damina bayan babur ɗin ya koma lilo, in na faɗa rami sai ya yi ta tsalle, ga mai ya jiƙe amotisan. Wani bakanike ya ce in sayi sabo, wani kuma ya ce zai fasa ya zuba mai da araha. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka fitar da ko sisi tukuna, sai ka duba da idonka. Amotisa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira shokabzoba, aiki biyu yake yi. Sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke zagaye da amotisan, shi ne ke ɗaukar nauyi. Man da ke cikin kwalbar kuwa shi ke hana sifirin wasa, domin fistin, wato abin da ke kai da kawowa a cikin kwalbar, na tilasta masa bi ta ƙananan ramuka, sai motsin ya lafa. In mai ya zube, sifirin ya rasa mai tsawata masa, lilon da kake ji ke nan.

Ka tsayar da babur a ƙasa mai daidai, ka danna sirdin da ƙarfi ka saki. Lafiyayye zai taso a hankali ya tsaya. Mai ciwo zai zabura, ya sake nutsewa. Sannan ka wanke amotisan tas, ka shafa yatsa a jikin sandar nan mai ƙyalli. Nan hukuncin yake. Ƙurar hunturu da taɓon karal na damina, wato laka mai danƙo, sukan manne mata, su ci robar da ke tare mai. Idan sandar sumul take, roba ce kawai ta mutu, kuma gyara na iya yiwuwa. Idan farcenka ya sarƙe a wani zane, ko tsatsa ta yi mata ƙuraje, duk sabuwar robar da aka sa za ta yage ba da daɗewa ba.

Akwai abin da mutane da yawa ke tsallakewa, kuma yana ci mini rai, saboda kuɗin talaka ke tafiya a banza. Ka ɗora babur a kan akwati tayar baya ta bar ƙasa, ka kama ta ka ɗaga sama a hankali. In ka ji ƙwas-ƙwas kafin sifirin ya fara aiki, bushi ko boris na mahaɗar amotisa da ƙarfen da ke riƙe tayar ne suka cinye. Ko ka sa sabon amotisa ƙarar na nan.

Sai batun fasawa. Amotisa iri biyu ne. Akwai wanda aka ƙera don a riƙa buɗewa: za ka ga bawul ɗin iska, sau da yawa da ƙaramar kwalba a gefe, kuma zoben ƙarfe ne ke riƙe da murfinsa. Akwai kuma wanda aka liƙe tun daga masana'anta, yawancin na ƙananan babura haka suke. In naka liƙaƙƙe ne, bakaniken farko ya fi gaskiya. Huda shi a zuba mai a toshe da walda gyara ne da ba ya daɗewa, ga haɗari, domin wasu akwai iska mai matsi a ciki.

In kuwa mai buɗuwa ne, ka tsaya a kan bakaniken ka ga aikin. Ya cire sifirin, ya saki iskar gaba ɗaya kafin ya taɓa zoben. Siraran faifan ƙarfen da ke kan fistin ya jera su a waya yadda suka fito, domin in ɗaya ya sauya gurbi amotisan ya sauya hali. Ya sa sabuwar roba, ya zuba man amotisa, wanda siriri ne ƙwarai. Man inji ya yi kauri, bayan babur zai sandare. Ya yi ta motsa sandar a hankali har kumfa ta ƙare, sannan a cika da iskar nitirojin, galibi matsin wajen bar 10 a ma'aunin iska, gwargwadon abin da maƙerin ya rubuta. Ina roƙonka da girman Allah, kada ka yarda a kai wurin mai walda a ɗura masa oksijin. Oksijin mai matsi in ya haɗu da mai yana iya kamawa da wuta ya fashe, abin kuma ƙarƙashin sirdinka yake. Bakaniken da ba shi da hanyar samun nitirojin, ka nemi wani a Garwa, ko ka haƙura ka sayi sabo.

Tambaya daga Kuseri: Malam, na ga amotisa na gwanjo a Njamena, an ce daga Turai aka ciro shi, kuɗinsa kusan ɗaya da sabo mara suna. Wanne ya fi?

Amsa: Na gwanjo mai asali yakan fi sabo mara suna, amma sai in da sauran ransa. Ka tafi da tsohon naka a hannu ka gwada tsawo daga idon sama zuwa na ƙasa, da faɗin ramin ƙusa. Ɗan bambancin tsawo kan ƙaru in ya isa taya, sai bayan babur ya ɗaga ko ya zauna, tuƙi ya lalace. Ka duba sandar kamar yadda na gaya wa ɗan'uwanmu na Gider. Ka kula da wanda aka wanke ya yi fes fiye da sauran kayan shagon, wataƙila yoyo ake ɓoyewa. Ka roƙi mai kaya ya bari a ɗaura a gwada kafin ciniki ya faɗa. In ya ƙi, ka bar masa kayansa.

Tambaya daga Yagwa: Ina ɗaukar buhun shinkafa, baya na dukan ƙasa. In ƙara ɗaure sifirin?

Amsa: Ka auna tukuna. Ka ɗaga tayar baya ta bar ƙasa, ka auna daga ƙusar taya zuwa wata alama a ƙarƙashin sirdi. Ka sauke babur, ka hau da kayan da ka saba ɗauka, wani ya sake aunawa. Nutsewar, wato bambancin awon biyu, ta kasance kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar tayar. A manyan baburan daji wajen milimita 100 ke nan, a ƙanana bai kai haka ba. In ta wuce, ka ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan kana aunawa. In ka kai ƙarshen zoben ɗaure sifirin bai daidaita ba, sifirin ya yi wa kayanka laushi, sai ka nemi mai ƙarfi ko ka raba buhunan sawu biyu.