Hajiya, yini ɗaya ya isa, in dai ba ki ce sai kin ga komai ba

Hajiya, barka da shirin tafiya, Allah ya kai ku lafiya. Kin ce za ku Tuluz ta Faransa wajen ɗanki, yana son ya kai ku Cité de l'espace, wurin baje kolin kayan sararin samaniya, da jikoki uku, kina tambaya ko yini ɗaya ya isa, da yadda za a yi da abinci da salla. Na je wurin a 2022, lokacin hutun lakwal, da ƙanena da ke aiki can, da iyalinsa, da kawunmu da ya je ganin lokotoro. Yini ɗaya ya isa. Amma mu mun ɓata rabin namu, shi ya sa zan yi miki dogon bayani.

Kuskurenmu tun daga ƙofa ya fara. Kina shiga za ki hango rokar Ariane 5 a tsaye, tsawonta mita 53, daidai girman ta gaskiyar da aka riƙa harbawa daga Kuru, can Kudancin Amurka, har 2023. Muka tsaya hoto. Wannan ya ɗauka, wancan ya ce bai fito da kyau ba, a sake. Sai wajen sha ɗaya da rabi muka duba takardar da aka ba mu, muka ga ashe ɗakin taurari da babban silima kowanne da lokacinsa, kuma na safe ya wuce mu. Roka ba ta zuwa ko'ina, da yamma ma tana nan. To ki sa ɗanki ya sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ku kasance a ƙofa ƙarfe goma da ake buɗewa, ku zauna minti biyar da takardar nan ku zaɓi lokacin kallo biyu. Sauran yinin sai a jera shi a tsakaninsu. In ba ku da mota, mu metro muka shiga zuwa Jolimont, daga nan bas mai lamba 37.

Da safe, kafin rana ta yi zafi, ku yi na fili. Kada ki ce mutumin Damagaram ba ya tsoron rana. Ta Tuluz a watan Yuli ma tana gasa mutum, kuma yaran da aka haifa can ba su da ƙwarin namu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tashar Mir ta Rasha. Ta gaskiyar ta yi shekara 15 tana kewaya duniya, daga 1986 har 2001 da aka sauko da ita ta faɗa tekun Fasifik, amma akwai irinta a wurin da ake shiga ciki. Nan ne yara suka farka. Ba su tambayi komai kan inji ba. Tambayarsu ita ce yaya ake barci, yaya ake zagayawa. Aka nuna musu jakar barci da ake ɗaurewa a bango don kada mutum ya yi ta yawo cikin iska, da ban-ɗakin da iska ke zuƙe komai tunda babu abin da ke faɗuwa ƙasa. Dariyar da suka yi har yau ana labarinta a gidan. Kusa da nan akwai kumbon Soyuz. Na leƙa na ce wannan ai ƙaramin rumbu ya fi shi fili, amma ƙarti uku ake cusawa a ciki, gwiwa a ƙirji.

Wata dabara da ta yi mini aiki: duk lissafin da na karanta sai in mayar da shi gida. Tashar da ƴan sama jannati ke zaune yanzu tana sama da mu da kamar kilomita 400, wato bai kai daga Damagaram zuwa Agadas ba. Gudunta kilomita 28,000 a awa. Na ce musu hanyar Yamai da kar ke kwashe yini guda yana ci, ita cikin minti biyu ta gama. A wata kuma nauyi kashi ɗaya cikin shida ne, buhun hatsi mai kilo 60 zai zama kamar kilo 10. Kawu ya ce can ya kamata a kai ƴan dakon kasuwar Dole su huta.

Kawun nan dama da gardama ya zo. Shi bai taɓa yarda an taka wata a 1969 ba. A ciki akwai ɗan dutsen da kumbon Apollo 15 ya ɗauko a 1971, hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta ba su aro, yana cikin gilashi. Ya daɗe a gabansa, ya sa tabarau, ya cire, sannan ya ce bai ga abin da ya fi duwatsun Birni da shi ba. Ban ja da shi ba. In kuna tafe da dattijo irinsa, a bar shi ya kalli abinsa.

Batun abinci, ki yi guzuri. Akwai wuraren cin abinci a ciki, amma ga layi da tsakar rana, ga duba takarda ana neman inda aka rubuta porc ko jambon ko lardons, wato naman alade. Mu burodi muka tafi da shi da dafaffen ƙwai da dabino da gorunan ruwa, muka ci a wurin zaman da ke fili. Salla kuwa, ke matafiya ce, kina da sauƙin da shari'a ta ba ki. Da rani rana ba ta faɗuwa can sai wajen tara da rabi na dare, lokacin la'asar yana da faɗi. Mu mun nemi gefe cikin ciyawa muka shimfiɗa ɗankwali muka yi azahar. Ki sa ƙaramar gorar roba a jaka, domin buta dai ba za ki samu ba. Kuma ki shirya, wani cikin jikokin zai tambaya yaya mai ganin fitowar rana sau 16 a yini yake salla. An taɓa yi: a 2007 wani likita ɗan Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, ya je tashar cikin azumi, malaman ƙasarsu suka tsara masa ya bi lokacin wurin da aka harba kumbonsa, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iyawarsa.

Bayan abinci sai ɗakin taurari, lokacin zafi ya kai zafi kuma ƙafafu sun fara gajiya. Mutum zai jingina a kujera, a kashe wuta, rufin ɗakin gaba ɗaya ya koma sama. Na gane Kaza da ƴaƴanta, na nuna wa yaran Zara, na gaya musu mu matar wata muke ce mata. Abin da ya ba ni tausayi, su ba su taɓa ganin sama cike haka ba sai a ɗaki, saboda fitilun birni. Mu da ke kwana a tsakar gida lokacin bazara kyauta muke samu. Babban silimar kuma ƙararsa da yawa. Ƴar shekara huɗun da ke cikinmu ta tsorata, uwarta ta fita da ita. In ƙaramin naku bai kai shida ba, a raba ayari, wani ya kai shi ɓangaren ƙananan yara.

Filin duniyar Mars ba ya cin lokaci, amma ku tsaya. Akwai irin motar Perseverance da ta sauka can a Fabrairun 2021, kuma wani sashe na na'urar da ke kanta, mai harba haske a dutse don a san abin da ke cikinsa, a Tuluz ɗin aka ƙera shi.

Kantin tsaraba yana hanyar fita, nan ake kuka. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ki riƙa ninkawa a zuci kafin ki ce to. Mu mun ba kowane yaro kuɗinsa a hannu tun da safe, aka ce in ya ƙare ya ƙare. Babban ya sayi ƙaramar roka. Kawu, mai cewa ba a je wata ba, shi ya sayi katin hoton sawun takalmi a kan wata har guda biyar, wai na abokan hirarsa ne a Zango.