Rami ɗaya, suna biyu: amsa ga yaron shago kan ƙasa mai gishiri

"Oga, samfurin da aka kawo mana daga arewa ya nuna gishiri 20 a na'ura. Littafin WRB, tsarin rarraba ƙasa na duniya, ya kira ƙasar Solonchak, na Amurka kuma ya hana ta sunan Salids. Wanne ya yi kuskure?"

Babu wanda ya yi kuskure, yaro. Solonchak da Salids duk sunayen ƙasa mai gishiri ne, amma kowa da mudunsa.

Tsarin Amurka, Soil Taxonomy, wanda ya fito a 1975, ba ya yarda cewa shimfiɗar ƙasa ta gishiri ce sai awon ya kai 30 dS/m (awon yadda lantarki ke ratsa ruwan ƙasa, wanda ke ƙaruwa da yawan gishiri), kaurinta ya kai santimita 15, kuma idan ka ninka awon da kaurin ka samu 900 ko fiye. Yana kuma son gishirin ya zauna haka kwana 90 a jere. WRB, wanda ya fara fitowa a 1998, ya fi sassauci: 15 ta ishe shi, ko 8 idan pH, wato awon tsami ko kanwar ƙasa, ya kai 8.5, ninkin kuma 450. Naka 20 ne a kaurin santimita 30, wato 600. Ka ga ya haye a WRB, ya faɗi a na Amurka.

Akwai zurfi kuma. Solonchak sai gishirin ya fara cikin santimita 50 na sama, Salids kuwa har zuwa 100. Na Amurka yana tambayar yanayin damshin ƙasa tsawon shekara, abin da ke ba mu wahala inda babu bayanan ruwan sama. WRB ba ruwansa da wannan, shi ya sa na fi son sa a aikin hamada.

Amma kafin ka buɗe kowane littafi, ta yaya ka samu 20 ɗin? Duk alƙaluman nan na ƙasar da aka kwaɓa ne da tataccen ruwa har ta ƙoshi, samanta na sheƙi, aka bar ta ta kwana, aka tsotse ruwanta aka auna a zafin digiri 25. Idan gaurayen kashi 1 na ƙasa da 5 na ruwa ka yi don sauri, lambar za ta faɗi ƙasa sosai, ka ba ƙasa sunan da ba nata ba. Ka kuma rubuta ranar ɗiban samfur, don gishiri yana hawowa sama da rani, damina ta mayar da shi ƙasa.

Manomin Kadawa ko Kura kuwa, Solonchak ba ta gabansa. Shi sai rabon da masana a Riverside ta Amurka suka fitar a 1954. Awo sama da 4, ƙasar gishiri ce. Sodiyam ya haura kashi 15 cikin ɗari na sinadaran da ke maƙale a jikin laka, pH ya wuce 8.5, wannan mai kanwa ce, ka gan ta da baƙin tabo tana hana ruwa nutsewa. Ko 4 ɗin ma ta yi wa wasu yawa: albasa tana fara raguwa daga 1.2, tumatir 2.5, alkama ta jure har 6.

Mai gishiri zalla, a yi mata magudana a wanke ta. Wadda ta haɗa gishiri da kanwa, a fara zuba jifsam, farin ma'adinin da ke fitar da sodiyam daga laka. Idan aka wanke ta haka kawai, gishirin zai tafi ya bar sodiyam, laka ta watse ta toshe, ruwa ya tsaya a kai.

Koma ka sake kwaɓa samfurin nan, ka auna pH da sodiyam ɗinsa tukuna.