Me ya sa suna ɗaya kawai nake gani a kowane aji a jerina na PHP?

Tambaya: Malam, ina aiki da PHP, harshen rubuta manhajar yanar gizo, ina ɗauko sunayen ɗalibai daga rumbun bayanai, ina so in tara su aji-aji a jeri guda, sunan aji ya zama mabuɗi. A cikin foreach, wato zagayen da ke bin ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, na rubuta $azuzuwa[$aji] = $suna; amma da na buga sakamakon sai na ga ɗalibi ɗaya tak a kowane aji. Ina sauran suka shige?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ɓata suka yi ba, kai ne kake goge su da hannunka. A PHP mabuɗi ɗaya ba ya zama sau biyu a jeri guda. Duk zagayen da ya zo da ajin da aka riga aka gani, sabon suna yakan ture tsohon ya zauna a gurbinsa, shi ya sa na ƙarshe kaɗai ya tsira. Gyaran bai wuce alamomi biyu ba:

$azuzuwa[$aji][] = $suna;

Wannan [] na ƙarshe yana cewa: abin da ke ƙarƙashin mabuɗin nan jeri ne, a ɗora sabon suna a bayansa. Idan ajin bai taɓa bayyana ba, PHP da kansa zai buɗe masa jeri. Duk da haka ni nakan rubuta $azuzuwa = []; kafin zagayen, domin ranar da rumbun ya dawo hannu wofi kada shafin ya yi ta kukan babu $azuzuwa.

Ƙirga kuwa wani abu ne daban. In adadin ɗalibai kake so, rubuta haka:

$adadi[$aji] = ($adadi[$aji] ?? 0) + 1;

Alamar ?? tana cewa: in babu mabuɗin tukuna, a ɗauki abin da ke damarta, wato 0. Ta zo ne da PHP 7.0 a 2015. Ba tare da ita ba, kana karanta mabuɗin da ba a ƙirƙira ba tukuna, kuma tun PHP 8.0 na 2020 wannan gargaɗi ne sosai, ba 'yar sanarwa ba kamar da.

Sai kuma tarkon da ya fi cin mutane, wato mabuɗi mai kama da lamba. Idan sunan ajin "8" ne, PHP zai mai da shi lamba 8 ba tare da ya tambaye ka ba, alhali "08" zai zauna a matsayin rubutu. Ka ga azuzuwa biyu ke nan, kai kuma kana zaton ɗaya ne. Sannan in ka haɗa jeri biyu da array_merge, mabuɗan lamba za su koma 0, 1, 2, ajin 8 ya ɓace da sunansa. Na taɓa shafe yini guda ina neman wannan kuskure a aikina. Tun daga ranar nake liƙa harafi a gaba, "aji_8", in huta.

Jerin yana riƙe tsarin da ka zuba abubuwa a ciki. In kana son azuzuwan su fito bi da bi, kira ksort($azuzuwa) bayan zagayen ya ƙare.