Filin Ƴan Haɗe-haɗe: Eko na jita da hannunka, daga ina za a faro?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga, fatan ana lafiya. Ni mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a Damagaram, kuma ina ɗan taɓa kiɗan jita a wajen biki. Akwai wani ɗan akwati da na gani a ƙafar wani mai jita da ya zo daga Agadas, idan ya taka sai sautin ya riƙa maimaita kansa yana dusashewa a hankali, ya ce min analog ne shi ya sa yake da daɗi, kuɗinsa kuma da na ji sai da na dafe kai. To ni na iya riƙe ayan na narka dalma, na iya karanta fanel, wato allon da ake dasa kayan lantarki a kai, shin zan iya haɗa irinsa da kaina? Me da me zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Za ka iya mana, wanda ya saba cire aisi (IC, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa) daga fanel ɗin amfilifaya ba tare da ya ɗaye layi ba ai ya gama rabin aikin. Amma bari in fara gaya ma abin da ke cikin akwatin nan, domin kalmar analog ɗin nan ta ci kuɗin mutane da yawa, har da ni.

Ka san ranar zuba dekin yadda leburori ke jeruwa, wannan ya miƙa wa wannan kwanon kankare har ya isa sama? To haka aisin eko na analog yake aiki, sunansa ma BBD, ma'anarsa jerin masu miƙa bokiti, kuma wasu injiniyoyi biyu ne na kamfanin Philips, Sangster da Teer, suka ƙirƙiro shi a 1969. Cikinsa ƴan mitsi-mitsin kafasita ne a jere, na farko ya ɗebi ɗan sautin jitarka a matsayin caji ya juye wa na biyu, na biyu ya juye wa na uku, haka har ƙarshe, kafin ya fito an ɗan ɓata lokaci, wannan jinkirin shi ne ekon da kake ji. Wanda aka fi yayi shi ne MN3005 na Panasonic mai matakai 4096, shi ne a cikin akwatunan eko irin su Deluxe Memory Man na kamfanin Electro-Harmonix da kuma Boss DM-2 na farko-farko wanda ya fito a 1981, daga baya Boss suka koma ƙanensa MN3205 da ke aiki da ƙaramar wuta.

Leburorin nan kuma sai da mai ba su umarni, wato wani aisi daban da ke buga musu lokaci, MN3101 ga MN3005, MN3102 ga MN3205. Lissafin ba wuya: ka ɗauki yawan matakan ka raba da ninki biyu na saurin bugun. Idan yana bugawa sau 10,000 a daƙiƙa, 4096 a raba da 20,000 ya ba ka kusan milisakan 205, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kenan. Kana son milisakan 300 irin iyakar DM-2, dole ka rage bugun ya dawo wajen 6,800, to a nan ne matsala take, saboda bugun 6,800 kunne yana jinsa sarai, wani siririn fito ne mai shiga har cikin haƙori. Shi ya sa ake sa filta kafin aisin da bayansa su yanke duk wani sauti mai kaifi da ke kaɗawa daga wajen sau 3,000 a daƙiƙa zuwa sama, sannan a ƙara wani aisin, NE570 ko SA571, ya matse sautin kafin ya shiga ya kuma buɗe shi bayan ya fito don a danne shuuu ɗin da ke biyo shi. Duk daɗin nan da mutumin Agadas yake faɗa daga nan ya samo asali: kowane zagaye sautin ya sake bi ta filta ya ƙara rasa kaifi, kowane kwano an ɗan zubar a hanya, sai maimaicin ya riƙa komawa baya yana yin duhu maimakon ya tsaya yana gogayya da abin da kake kaɗawa. Gazawar aisin ce ta zame masa ado.

Yanzu shawarata, kuma na san wasu za su ce na kauce: kar ka fara da BBD. Ka fara da PT2399. Wannan aisi ne mai ƙafa 16 na kamfanin Princeton Technology na Taiwan, an yi shi ne don ekon makirfo na karaoke, kuma gaskiya ciki dijital ne, yana da ƴar ma'ajiya ta kilobit 44, amma filtocin da ke kewaye da shi rezista da kafasita ne da kai za ka zaɓa, sautinsa kuma idan an ja shi yana yin duhu da ɗan datti kusan irin na analog, a cikin hayaniyar biki ba mai bambance maka su. Kuma kai da ke gyaran amfilifaya wataƙila yana nan cikin tarkacen shagonka yanzu haka, da yawa daga cikin ƙananan amfilifaya da miksa masu maɓallin eko irin na masu wa'azi da masu talla shi ne a ciki, ka duba matattun fanel ɗin da ka jibge ƙarƙashin tebur. In za ka buɗe amfilifaya dai ka zare wuta ka sauke cajin manyan kafasitocin tukuna, kai ka sani amma ƴan koyo ma na karanta filin nan.

Abin da za ka tara: PT2399 ɗaya, TL072 ɗaya wanda rabinsa zai karɓi jita rabi ya gauraya asalin sauti da ekon, regileta 78L05 domin PT2399 bolt 5 yake ci, ka ba shi 9 kai tsaye ka yi masa sallama, bolum uku, soket na jak biyu, makunnin ƙafa mai ƙafafu tara da ake kira 3PDT, sai rezistoci da kafasitoci. Bolum na farko na lokaci ne, 50k, daga ƙafa ta 6 zuwa at (wato layin ƙasa na fanel, inda negatib ke haɗuwa), iya yawan rezistan iya tsawon jinkirin, daga wajen milisakan 30 zuwa kusan 600 a ƙarshen bolum ɗin, sai dai daga 340 zuwa sama datti yana fara yawa. Na biyu yana ɗibar abin da ya fito ya mayar ciki, shi ke ƙayyade sau nawa za a maimaita. Na uku kuma yawan ekon da za a zuba kan asalin sautin. Zanen da ake kira Rebote ya daɗe yana yawo a intanet kyauta, ka bi shi yadda yake a karon farko, gyare-gyaren son rai sai na biyu.

In wannan ya tashi ka kaɗa shi a biki biyu uku kuma har yanzu zuciyarka na kan na gasken, wato mai BBD, to sai ka nemi V3205 da V3102 da V571 na Coolaudio, sababbi ne ana yin su har yanzu kuma kwafin su MN3205 da MN3102 da SA571 ne. Kar ka bi masu tallan tsohon MN3005 mai arha, Panasonic sun daina yin sa tun da daɗewa. Ni na taɓa yin odar guda biyu wajen wani mai sayarwa a intanet, na jira sati shida, da suka zo rubutun fes kamar yau aka buga, na saka, eko ya fito amma rabin tsawon da lissafi ya ba ni, ashe MN3008 ne mai matakai 2048 aka kankare aka sake wa suna. Kwana uku ina zargin hannuna ina sake dalma kafin na gane.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ɗaliba ce ni a sashen lantarki a wata kwalejin kimiyya a Kaduna, na haɗa eko da V3205 don furojet ɗina, asalin sautin jita yana fita lafiya amma ekon ko dai babu shi gaba ɗaya ko ya fito a dagule kamar sifika ta fashe. Aisin ne ya mutu?

Amsa: Ƙanwata kar ki yi saurin yi masa jana'iza, a goma tara firiset ne, wato ƴan ƙananan bolum ɗin nan na kan fanel da ake juyawa da sukudireba, ba a saita ba. BBD ba kamar PT2399 ba ne da za ki dasa ya kama aiki, yana son a ajiye masa wutar shigarsa a wani ɗan tsakanin da yake so, ki kauce kaɗan sama ko ƙasa sai ya yanke rabin sautin, ki kauce da yawa ya yi gum. Irin zanen DM-2 firiset uku ne: na bayas wato mai saita wutar shigar nan, na saurin bugu, da na soke fito. Ki sauke manhajar da ke fitar da sauti ɗaya miƙaƙƙe a waya, ki sa shi wajen 400Hz (kaɗawa sau 400 a daƙiƙa) a hankali ba da ƙarfi ba, ki shigar ta jak, bolum na maimaici a ƙasa, na gauraya a sama, sai ki riƙa juya firiset na bayas sannu-sannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Za ki ji shiru, sai dagulalle, sai ya washe, sai ya sake dagulewa. Tsakiyar inda ya washe nan ne gidansa. Ki ɗan ƙara ƙarfin sautin ki sake, wurin zai ƙara matsewa, ki sake tsayawa tsakiya. In akwai osiloskof, na'urar da ke nuna igiyar sauti a allo, a lab ɗinku ya fi, za ki ga sama da ƙasan igiyar suna yankewa ki daidaita har su yanke tare, amma kunne ma yana yi.

Bayan nan ki kai bolum na lokaci ƙarshe, ki cire sautin, ki saurara. In kin ji fito ki juya firiset na sokewa har ya yi ƙasa iya yi, in ya ƙi tafiya to kin ja bugun ƙasa da yawa ne, ki ɗan ɗaga shi ki haƙura da ɗan gajeren eko. Kowa yana son ya matso milisakan 400 daga aisi guda, ba ya bayarwa sai da kuka.

In duk kin yi wannan shiru, ki sa mita a ƙafafun bugu guda biyu na V3205, kowace ta nuna kusan rabin wutar da kike ba shi, in ɗaya ta nuna sifiri ko cikakkiyar wuta to V3102 ne ba ya bugawa. Kuma don Allah ki sa soket, kar ki narka dalma a jikin ƙafar aisin nan, sannan lokacin hunturu da iska ta bushe har mayafi na ba mutum shokin, ki taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ki ɗauke shi, irin wannan aisin ɗan tartsatsin da ba ki ma gani ba ya ishe shi.

Tambaya: Oga na haɗa na PT2399 yana aiki, amma wani lokaci in na kunna sai eko ya ƙi zuwa sai na kashe na sake kunnawa, kuma regileta na ɗaukar zafi. Daga wani mai karatu a Sabon Gari, Kano.

Amsa: Sanannen halinsa ne wannan. In rezistan da ke ƙafa ta 6 ya yi ƙasa da wajen 2k a lokacin da wuta ta shigo, aisin yana sarƙewa ya riƙa zuƙar wuta ba aiki. Ka sa rezista 2.7k a jere da bolum ɗin lokaci yadda ko an murɗe shi ƙasa gaba ɗaya ba zai kai sifiri ba, shi kenan. Ka kuma auna: ƙafa ta 1 bolt 5, ƙafa ta 2 bolt 2.5. Sannan ka lura 78L05 ƙafafunsa a juye suke da na babban 7805 da ka saba, in ka fuskanci gefen da ke da rubutu ƙafafu na ƙasa, ta hagu ce fita ta dama ce shiga.

Tambaya: Salam. Ekon da na haɗa ya yi aiki lafiya a kan tebur da batir, da na kai shi wajen kamu na jona adafta da janareto sai wani irin ƙugi da tsuwa, ango har yana harara ta. A robar sabulu na saka shi. Me ya jawo?

Amsa: Robar sabulu fa ka ce! Ai ka bar shi tsirara ne, duk wata iskar lantarki da ke wajen, ta janareto da ta fitilu da ta wayoyin jama'a, ta samu ƙofa a buɗe. Akwatin ƙarfe ake sa shi kuma a haɗa jikin akwatin da at, galibi ta soket ɗin jak. Ƴan waje suna amfani da na alminiyom irin Hammond 1590B ko wanda ake kira 125B, in ba ka samu ba ka kai awo wajen masu zubin tukwanen alminiyom ko mai walda ya lanƙwasa ma falan ƙarfe mai ɗan kauri, gwangwanin madara dai kar ka fara, taku biyu zai lotse.

Tsuwar kuma ina kyautata zaton adaftarka ce. Irin marasa nauyin nan masu kama da cajar waya suna da nasu bugun a ciki, ya haɗu da bugun aisin eko su haifi wani fito na uku da ba na kowa ba. Ka nemi adafta bolt 9 mai regileta wadda aka yi don fedal, wato irin wannan akwatin da ake takawa, ko tsohuwa mai nauyi mai taransifoma ka ƙara mata 7809 da kafasita babba, a cikin fedal ɗin kuma ka sa rezista om 47 ko 100 a layin wuta da kafasita 100uF zuwa at, wayoyin shiga da fita su zama gajeru kuma ka nisanta su daga wayar bolum ɗin lokaci. Batir yana maganin duk wannan amma PT2399 maci ne, ƙaramin batir mai bolt 9 ba zai kai ka ƙarshen biki biyu ba.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma zai same ka wata rana: fedal na jita sun bi tsarin Boss, tsakiyar fulogin negatib ne, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa masu fozitib a tsakiya. A cikin duhun wajen biki wani yaro zai ɗauko ta kibod ya cusa maka. Ka sa dayod 1N5817 a jere da layin wuta tun yanzu, kuma ka rubuta a jikin akwatin da fenti.

Masu tambaya kan yadda ake sa eko ya riƙa ɗan lilo kamar tsohon kaset, wasiƙunku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, ku dai tanadi LDR, wato rezistan da haske ke canja wa ƙarfi, da ƴar fitilar LED guda.