Amsar maganar jinin matar Yaya (muryar da aka tura guruf)

Assalamu alaikum 'yan gida, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo. Yaya, na ji saƙonka na jiya, cewa a wajen awo an ce matarka O negatif ce alhali kafin aure O fositif aka rubuta mata, har kana cewa ɗaya daga cikin lab ɗin ya ci kuɗinka a banza. To a bi a hankali. Kuskure na faruwa kam, amma akwai abin da muke ce wa D mai rauni, tsofaffin ma'aikata Du suke kiransa, tun 1946 aka san da shi. Af, Inna, ba maganar sikila ake ba fa, AA da AS ɗin nan daban yake.

Wato fositif ɗin nan wata alama ce mai suna D a jikin jajayen ƙwayoyin jini, mai fositif sosai kowace ƙwaya ɗaya tana ɗauke da ita kamar 10,000 zuwa 30,000. Wani kuma ya gaji ɗan canji a ƙwayar halittar da ke ƙera ta, RHD, wani lokacin ma harafi ɗaya tal, sai alamar ta kasa zama daidai ta ragu sosai. Mu da muke wannan aiki mun sani, ka ɗiga jini a tayil ka zuba sinadari, mai ƙarfi nan take zai yi gudaji-gudaji kamar madara ta tsinke, shi kuwa wannan sai ka yi ta juyawa kana karkata tayil ɗin wajen taga, gashi-gashi dai, wani sinadarin ya kama shi wani ya wuce shi. Ka ga lab biyu, amsa biyu.

Kuma abin ya bambanta da jinsi. Turawa kusan 15 cikin 100 negatif ne, su ƙwayar halittar ce babu ita gaba ɗaya. Mu nan kamar 5 ne, kuma da yawanmu tana nan, lalacewa ta yi. China da Japan ko 1 ba su kai ba, a cikinsu ma akwai masu DEL, alamar ta dushe har gwajin yau da kullum ba ya ganinta. To ga inda nake so ka saurara Yaya. Mai raunin da ya fi yawa a Turawa, nau'i na 1, 2 da 3, alamar cikakkiya ce yawa ne kawai babu, shi ya sa suke ɗaukarsu fositif hankali kwance. Namu na Afirka irin su DAR, sau da yawa wani ɓangare na alamar ne ya canza, sai jikin uwa ya ga D ɗin jariri kamar baƙo ya haɗa garkuwar da za ta yaƙe shi, kuma cikin gaba ne ke shan wahalar, shawara mai tsanani, ƙarancin jini.

Saboda haka kar ka riƙe tsohuwar takardar kana gardama da nas. A maimaita gwajin a babban asibiti, a yi na Coombs, wanda ke kama D ko da mai rauni ne, in har an ga rauni to a wajen ciki da ƙarin jini a ɗauke ta negatif, a yi mata allurar anti-D, mai hana jikinta haɗa waccan garkuwar, a sati 28, sannan cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fositif ne. In ita za ta ba wani jini kuma, a nan fositif ce. Ka ɗauko min hoton takardun biyu ka turo ta gefe in duba, ka gaishe min da ita.