Na ninka gudun mota sau goma, amma layin giraf bai motsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa manhajar koyar da kimiyya, inda ɗalibi zai ja maɓalli ya ƙara wa mota gudu, giraf kuma ya nuna nisan da ta yi cikin daƙiƙa 10. Na sa ma'aunin giraf ya riƙa daidaita kansa. Abin da ya ɗaga min hankali, ko an kai gudun daga mita 2 zuwa mita 20 a daƙiƙa, layin yana nan yadda yake, lambobin gefe kawai ke tsalle. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Lissafinka lafiya lau yake. Abin da ya cuce ka shi ne wannan fahimtar da ta zama ruwan dare, wai giraf mai kyau shi ne wanda layinsa ya cika allo ko da yaushe. Masu koyar da rubuta manhaja a gurguje suna ta yaɗa ta: ɗauki ƙaramar lamba da babba, ka miƙe layin tsaye a tsakaninsu, shi ke nan. A ajin kimiyya wannan ɓarna ce.

Duba naka. A gudun mita 2 motar ta yi mita 20, a gudun mita 20 ta yi mita 200. Tunda saman ma'aunin yana bin babbar lamba, duk layukan biyu daga kusurwar ƙasa suke tashi su ƙare a kusurwar sama. Darasin kuwa gaba ɗayansa a karkatar layin yake, yaro ya ga ya ƙara miƙewa sama da aka ƙara gudu. Manhajar ta goge abin da aka zo koya. Idon yaro siffa yake fara kamawa, ba ya tsayawa karanta ƙananan lambobin gefe.

Haka ma'auni mai daidaita kansa yake ɓarna ta ɗaya ɓangaren. Tsoma na'urar auna zafi a ruwan da ke ajiye, tana karanta digiri 25.0, 25.1, 25.2. Ma'auni mai bin bayanai zai buɗe wannan ɗan bambancin na 0.2 ya cika allo da shi, sai ka ga duwatsu da kwaruruka. Ɗalibi ya rubuta a littafinsa cewa zafin ruwan yana hawa da sauka, alhali rawar na'ura ce kawai. Wallahi cire irin wannan kuskure daga kan yaro ya fi koya masa daidai wahala.

Kai da ka san iyakar maɓallinka, kulle ma'aunin daga 0 zuwa 200 tun farko, ka ba ɗalibi maɓallin zuƙowa da na nisantawa. Da yawa daga manhajojin koyar da kimiyya da ake kira PhET, na Jami'ar Colorado, haka suke yi. Ka kuma bar layin gwajin baya a dusashe don ya kwatanta.

Inda ba a san iyaka ba, kamar bayanan na'ura, a nan daidaita kai ke da amfani, amma da linzami. Ma'auni ya faɗaɗa idan layi ya kai kashi 90 cikin 100 na tsayin allo, kada ya tsuke sai an danna sake farawa. Ka sa masa mafi ƙarancin faɗi, misali digiri 5 ga waccan na'urar auna zafi. Canjin kuma ya tafi a hankali cikin kamar rabin daƙiƙa, ido ya ga an ja baya.

Tazarar da ke tsakanin lambobin gefe ta tsaya a 1, 2 ko 5, ko ninkinsu da 10. Bayanai daga 3.7 zuwa 46.2: faɗi 42.5, idan gida 5 kake so a raba ma'aunin, raba 5 ya ba da 8.5, ɗaga zuwa 10, ma'auni ya zama 0 zuwa 50. Kowace lamba ka samo ta da ninka tazara, kada ka yi ta tarawa, don a kwamfuta idan ka tara 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004 maimakon 0.3.

Sannan ka gwada lokacin da awo ɗaya tak ya shigo. Babba da ƙarama sun zama ɗaya, faɗi ya zama sifili, rabawa da shi kuma zai bar maka allo fari fat.